Ɗan Haya na Huɗu

Shagonmu yana kan hanyar da ta shiga kasuwar Tudun Wada. Ciki da falo ne. A gaba ake buga takardu, a ɗauki hoton fasfo, a koya wa ɗalibai aiki da kwamfuta. A ƙurya kuma maigidana ya ajiye babbar na'urar da ake kira saba. Baƙin akwati ce mai nauyi, kwance a kan bencin da ya sa kafinta ya yi mata. Ba ta da kyan gani, kuma in tana aiki huci take yi kamar injin markaɗen da ke can bayan layi.

Karatuna bai wuce sakandare ba. Duk abin da na sani na wannan sana'a a wurinsa na koya, bayan aurenmu, ina zaune a gefensa da goyo. Ranar da na tambaye shi yadda akwati ɗaya yake aikin kwamfuta da yawa, sai ya ce mini gidan haya ne.

"Gini ɗaya, ɗakuna da yawa. Kowane ɗaki akwai kwamfuta cikakkiya a ciki, da allonta da fayilolinta, sai dai ba ta da jikin da za ki taɓa. Jikin na mai gida ne, su aro suke yi."

Tun daga ranar muke ce musu 'yan haya. Su huɗu ne. Na farko na ɗalibanmu ne. Na biyu na ƙungiyar masu sayar da taki da irin shuka. Na uku na wata makarantar kuɗi da ke ajiye sakamakon jarrabawarta a wurinmu. Na huɗu nasa ne shi kaɗai. A nan yake tsara katin biki da kalanda da allon talla, a nan kuma yake zana gidan da za mu gina a filinmu na bayan gari.

Yana da wata ɗabi'a da na sha yi masa magana a kanta. Ba ya adana aiki in zai tashi, ba ya kuma kashe ɗan hayarsa. Sai ya danna wani wuri ya sa shi barci. Duk abin da ke buɗe a lokacin, har inda kibiyar maus ta tsaya, na'urar za ta naɗe ta ajiye, in an tashe shi ya dawo daidai yadda aka bar shi. Nakan ce masa wata rana sai ya yi asarar aiki.

"Manaja," yakan ce, don haka yake kirana a shago, "wanda zai dawo cin tuwonsa rufewa yake yi, ba ya wanke kwano."

A kan zanen gidan nan mun jima muna ja-in-ja, kuma a kan ɗaki ɗaya ne, ɗakin mahaifiyata, Inna, wadda muka yi niyyar ɗaukowa daga ƙauye. Shi kuwa ya zana ɗakin kusa da zaure da ƙofarsa daban, wai ta samu sakewa da baƙinta da masu sayen daddawarta. Ni kuma ina son sa a ciki, bango ɗaya da nawa, saboda gwiwoyinta. Ba faɗa muke yi ba, amma maganar takan taso ko a kan abinci, kowa ya tsaya a kan bakansa.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, shago ya cika. Ina tsaye a kan injin hoto, wata yarinya tana jiran takardunta, mota na jiranta. Sai na ji muryarsa daga ƙurya.

"Manaja, zo ki ga abu. Na gyara ɗakin Inna."

"Ina zuwa."

"In kin gani, yau sai kin dama mini fura da hannunki."

"Ina zuwa, na ce."

Injin ya cije takarda, na tsaya cirewa. Kafin in gama, mutanen da za su tafi da shi Doguwa aikin haɗa sola sun iso, suna ta danna oda. Ya fito yana saɓa jakarsa.

"Na kwantar da ɗan hayar. In na dawo ma gani tare. Kada ki leƙa, na san halinki."

Motarsu ta yi hatsari a hanyar Falgore. Kafin la'asar aka kawo shi, kafin magariba aka kai shi makwancinsa. Ni kuma daga ranar na shiga takaba.

Malamai sun ce mai takaba tana iya fita da rana in akwai lalura. Amma a dangin maigidana ba a yin haka. Matar da ta rasa miji ba ta taka ko zaure sai ta gama, kuma ban ga dalilin da zan jawo wa kaina magana a kan gawar da ba ta daɗe da kwanciya ba. Inna ta taho ta zauna da ni. Makullin shago kuwa na aika wa amininsa.

Tare suka tashi a Badafi, tare suka yi kiwon awaki, tare suka yi makarantar allo. Shi ne ya yi masa babban aboki ranar aurenmu. Shekarun baya ya dawo Tudun Wada, maigidana ya koya masa aikin injin bugawa, ya zama shi ke tsaye a kan kati da kalanda in an gama tsara su. Kwano ɗaya suke cin abincin da nake aikawa. Shi ya sauka cikin kabari ya karɓe shi. Ban yi shawara da kowa ba kafin in ba shi makullin, don babu abin shawara a ciki.

Da ruwan farko ya sauka, tsawa ta bi waya ta shiga shagon. Aminin nan ya kira ni da safe ya ce saba ba ta kawo wuta, akwai ƙaurin ƙuna a ƙuryar. Na ce ya kai ta Kano wurin mai gyaran da maigidana yake hulɗa da shi. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da ita da bayani. Babban allon cikinta, wanda duk sassanta suke manne a kansa, shi ne ya ƙone. Faifan da ke riƙe da bayanai lafiyarsu ƙalau. Ƙwaƙwalwar na'urar ma mai gyaran yana ganin ba ta mutu ba, sai dai ba shi da allo irin nata, don haka ya sa wani allon da tasa ƙwaƙwalwar.

Na yi hamdala. Sai da hantsi ya sake kira.

"Manaja, ta tashi, tana huci kamar da. Amma 'yan hayan nan ko ɗaya ya ƙi fitowa. Ga mutanen taki sun zo tun ɗazu suna zaune a kan benci."

Ina zaune a kan tabarma a tsakar gida da zanen takaba. Na buɗe muryar wayar yadda Inna za ta riƙa ji, don kada a ce mai takaba tana ƙus-ƙus da namiji. Inna tana gefe tana tsince shinkafa.

Na ce ya ɗauki hoton rubutun da ya fito a fuskar kwamfutar ya turo mini. Hoton ya daɗe bai shigo ba, sai da na ɗaga wayar sama wajen bishiyar darbejiya. Na karanta a hankali, ina bin kalmomin da yatsa. Na'urar tana cewa ba a ba ta izinin ɗaukar 'yan haya ba. Na tuna maigidana ya taɓa nuna mini cewa sabon allo yakan zo da wurin ba da wannan izinin a kulle.

"Malam, kashe ta ka sake kunnawa. Da ta fara kawo rubutu, ka yi ta danna maɓallin da zan gaya maka, kada ka tsaya."

"Na danna. Ta wuce."

"Ka makara ne. Sake."

"Ta kuma wucewa."

"Ɗan nan," in ji Inna, ba ta ko ɗago kai ba, "ko a rabon tuwon biki haka kake da nawa?"

Ya yi dariya, ni ma na ji bakina ya motsa, karo na farko tun rasuwar. A na gaba ya samu shiga. Na bi da shi layi-layi, yana karanto mini Turancin da irin nasa karatun, ina cewa sauka, sauka, shiga nan, har muka kai wurin. A kulle yake kuwa. Ya buɗe. Kafin ya fita na ce ya duba kwanan wata, sai ga shi na'urar tana zaton muna wata shekara da ko aure ban yi ba. Muka gyara wannan ma.

Ɗan haya na farko ya tashi. Na biyu ma ya tashi, amma kwamfutocin gaba ba sa ganinsa. Wannan ya ci mana lokaci har azahar. Daga baya na gane cewa ƙofar da suke bi su fita waje tana jikin tsohon allo ne, ta ƙone tare da shi, su kuwa har yanzu ita suke nema. Na nuna masa inda zai nuna wa kowannensu sabuwar ƙofa. Ta cikin wayar na ji ɗaya daga cikin masu takin yana cewa a gaishe da uwargida, Allah ya jiƙan malam, ya bar baya mai kyau. Na kife wayar a cinyata har ya gama.

Na uku ne ya zo da wani abu dabam. Makarantar tana hutu lokacin, maigidana ya sa shi barci tun kafin rasuwarsa. Da aka zo tashinsa sai ya ƙi. Hoton ya shigo, na karanta. Yana cewa barcin da ya yi a kan wata ƙwaƙwalwa ya yi shi, ba zai iya farkawa a kan wannan ba. Hanya biyu ce. Ko a dawo masa da irin ƙwaƙwalwar da ya sani, ko a zubar da abin da ya naɗe ya kwanta da shi, ya tashi sabo kamar wanda aka kashe aka kunna. Fayilolin da aka adana ba abin da zai same su. Abin da ke buɗe ba a adana ba, shi ne zai tafi, kuma ba ya dawowa.

Wannan ɗan hayar ni na yi aiki a kansa na ƙarshe kafin a sa shi barci, na san na adana komai na rufe. Don haka na ce masa ya danna ɓangaren dama na maus a kan sunan, ya sauka layi na kaza, ya zubar da barcin. Ya danna. Ya tashi lafiya.

"Kai, Manaja, ashe abin ba wuya. Saura na huɗu, shi ma irin rubutun nan ya kawo. In danna masa?"

"A'a."

Ban san da ƙarfi na faɗa ba sai da na ga Inna ta ajiye faranti.

"Malam, ɗauke hannunka daga kan maus ɗin. Ka ɗauke?"

"Na ɗauke. Lafiya?"

Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma a ranar na faɗa, Inna tana ji. Na gaya masa maganar ɗakin, da kiran da ya yi mini, da injin da ya cije takarda. Na ce na san halin abokinsa, bai adana gyaran nan ba. Yana nan a naɗe cikin barcin, yadda hannunsa ya bar shi. In aka danna wurin nan, shi ke nan. Na ce abin da nake so shi ne a bar shi yana barcinsa har in fita. In na fita zan nemi allo irin tsohon, ko a Kano ko a Zariya, a mayar da tsohuwar ƙwaƙwalwar, in tashe shi da hannuna.

Sai ya ce:

"Wannan amana ce. Ni da shi tun ba mu san sa wando ba. Wallahi ba zan taɓa ba, ba kuma wanda zai taɓa."

"Tsohuwar ƙwaƙwalwar fa? Ka taho da ita?"

"Tana nan. Na naɗe ta a leda, tana cikin aljihun tebur."

Inna ta tashi ta ce za ta duba tukunya, alhali ba mu ɗora komai ba. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ɗakin ba har na gama takaba.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan zo gaisuwa. Ya tsaya a zaure, ya aiko da mangwaro ko rake ko ɗanyar gyaɗa, gwargwadon abin da ke kasuwa. Inna ta fita su gaisa, ni ina daga bayan labulen ƙofar tsakar gida. Ya faɗi yadda shago yake, wa ya zo, me ya lalace. In zai tafi sai ya ɗaga murya kaɗan.

"Manaja, mutumin naki yana nan yana ta sharar barcinsa. Ko juyi bai yi ba."

Ba zan ɓoye ba, da wannan maganar na rayu a watannin nan. Mai takaba ba ta da abin yi sai tunani. Kayan sawarsa an raba, takalmansa an bayar, ƙamshinsa ya bar ɗakin tun kafin damina ta yi nisa. Amma akwai wuri ɗaya a duniya da safiyar nan ba ta wuce ba. Zanen yana buɗe, kibiyar tana tsaye inda ya sake ta, yana jira in gama da injin hoto. Ina wanke-wanke ina auna inda ya kai ɗakin. Wata rana in ce ya bi tawa, ya dawo da shi ciki. Wata rana in ce a'a, da ya bi tawa ba zai nemi fura ba, wata dabara ya samo da ba ta zo wa ɗayanmu ba, wataƙila ƙofa biyu, wataƙila wani lungu. Ban matsa wa kaina in sani ba, tunda na san zan gani.

Ana cikin haka aka sa bikin ƙanwarsa, aminin nan. Ya aiko mana da kati don girmamawa, ko da yake ya san ba zan je ba. Na juya katin a hannuna. Gefensa zangarniyar dawa ce ta zagaye shi, kowace ta sunkuyar da kai ta taɓa ta gaba. Maigidana ne ya zana wannan adon da kansa, kuma a ɗan haya na huɗu yake. Da Juma'a ta zo na tambaya daga bayan labule.

"Malam, katin nan a ina aka yi shi?"

"A Kano. Tsohon katin da ya taɓa yi na kai musu suka kwaikwaya. Kin ga ma bai kai nasa kyau ba."

Na sake duba katin. Ya kai. Amma na sa shi a ƙarƙashin tabarma na ce wa raina masu kwaikwayo sun iya aiki.

Ranar da na fita takaba mata suka taru, aka yi mini wanka da kitso da lalle, aka yi addu'a, na sa sabon zane. Washegari da safe na tafi shago. Hanyar ta yi mini faɗi, dawa ta yi tsayi a gonakin bakin titi, mutane suna ta yi mini barka da fita. Na same shi ya share shagon, ya yayyafa ruwa, ya sayo mini ƙosai.

"Manaja ta dawo, yau mun shiga uku, ba sauran zuwa a makare."

Na gaishe shi, na yi masa godiya yadda ta kamata, na wuce ƙurya. Kujerar maigidana tana nan. Na zauna a bakinta, na buɗe jerin 'yan hayan. Uku suna aiki. A gaban na huɗu an rubuta yana barci. Na daɗe ina kallon kalmar.

"Malam, miƙo mini ƙwaƙwalwar nan in gani. Ina so in ɗauki lambar jikinta."

Ya ja aljihun tebur, ya tona, ya rufe. Ya ja na ƙasa. Ya ce ko ya mayar da ita gida ne saboda ɓeraye, zai duba in ya koma. Na ce ba komai.

Sai na ga gara in ɗauki hoton rubutun da yake kawowa in ya ƙi tashi, don in nuna wa masu sayar da allo su gane irin wanda nake nema. Na san ba abin da zai faru in na taɓa shi. Zai gwada, ya kasa, ya kawo rubutun, ya koma barcinsa. Na riƙe wayata a hannun hagu na shirya ɗauka. Na danna.

Ya tashi.

Ko jinkiri bai yi ba. Allon ya yi haske, ga aiki a buɗe. Katin sunan jaririn wasu mutane ne, an rubuta rabin addu'ar, ga zangarniyar dawa a gefe. Kibiyar tana tsaye a kan hoton rago.

Na ajiye wayar a kan benci. A gaba wata ɗaliba tana ta danna harafi ɗaya, ina jin ƙarar. Shi kuma yana tsaye a bakin ƙofar ƙuryar, ya riƙe labule.

"Manaja, ki saurare ni."

"Ina ji."

"Duk kayan aikin kati a cikinsa suke. Mutane suna zuwa ina mayar da su, har sun fara tafiya wancan shagon na bakin tasha. Na ce in na zuba ido shagon marayu zai mutu a hannuna. Kuma na duba, wallahi na duba, zanen gidan yana nan, ba abin da ya ɓace."

"Yaushe ka danna?"

Ya kalli ƙasa.

"Malam, yaushe?"

"A satin nan da muka yi magana."

"Kafin Juma'ar farko ko bayanta?"

"Kafin."

Wato duk Juma'ar da ya tsaya a zaurenmu da mangwaro a leda, ya riga ya yi. Kullum in ya gama aikin katinsa sai ya sake sa shi barci, don ko wani ya leƙa ya kawo mini labari, a ga kalmar tana nan.

"Ƙwaƙwalwar fa?"

"Mai gyaran ya riƙe ta tun ranar. Ban san za a neme ta ba. Da kika tambaya na ji nauyin in ce babu. Na koma daga baya, ya ce ta shiga wata na'urar an tafi da ita."

"Da ka gaya mini."

"Na ga kina samun sauƙi in na ce yana barci. Inna ma ta ce kin fara cin abinci. Ta yaya zan tsaya a zaure in gaya wa mai takaba wannan?" Ya saki labulen. "Kuma shi kansa, Allah ya jiƙansa, da yana nan da tuni ya danna. Kin san shi da aiki."

"Da yana nan da ya nuna mini."

Na rufe katin sunan, sai da na adana musu shi tukuna, don ba su yi mini laifi ba. Na nemo zanen gidan na buɗe. Yana nan kamar yadda ya faɗa. Ga zaure, ga ɗakin Inna a manne da shi da ƙofarsa daban, daidai yadda yake lokacin da muke ta ja-in-ja. Wannan shi ne na ƙarshe da aka adana, tun kafin safiyar nan da nisa.

"Da ka danna, ka ga wani abu? Ko da walƙiya ɗaya, kafin ya tafi?"

Na san amsar, don ni na koya masa wurin. Ba ya nuna komai. Tambaya ɗaya yake yi, ko ka tabbata, in ka ce e shi ke nan.

"Ban ga komai ba," ya ce.

Na ce ya ba ni makullin. Ya ciro shi daga aljihu, ya rasa yadda zai miƙo, ya ajiye a kan bencin kusa da na'urar. Ya ɗauki hularsa ya fita. Ƙosan yana nan a takarda har azahar, na ba ɗalibai.

Daga baya ya turo manya daga Badafi, har da limaminsu. Suka zauna a zaure suka yi nasiha, suka ce bai ci dukiyar marayu ba, bai sayar da ko allura ba, shago ma ya ƙaru a hannunsa. Duk gaskiya ne. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye ni a hankali, me ya ɓace takamaimai, ko za a iya biya. Na buɗe baki na rasa yadda zan faɗa wa dattijo mai furfura cewa wurin da aka matsar da ɗaki ne a cikin zane. Na ce na yafe, domin sun taka sun zo, kuma ba na son in tafi lahira da wannan kaya. Muna gaisawa in mun haɗu a hanya. Yaransa suna zuwa gidana su ci abinci. Makullin dai yana wurina, kuma na koyi aikin injin bugawa da kaina.

Bulon da maigidana ya buga yana jibge a filin tun kafin rasuwarsa, ciyawa ta fara cin na ƙasa. Da kaka ta yi, yayyena suka ce a fara ginin kafin ya lalace. Na buga tsohon zanen a takarda na kai wa magini. Muka je filin da Inna, ta zauna a kan bulo ta miƙe ƙafafu. Magini ya kafa turaku ya ja igiya, ya fitar da zaure, ya fitar da ɗakina da na yara da madafa. Sannan ya nuna takardar da yatsa.

"Hajiya, wannan na jikin zauren, haka za a yi shi?"

"A'a, an canja shi."

"To ina aka mayar da shi?"

Na juya wajen Inna. Tun da aka fara maganar ɗakin nan, daga ni har shi ba wanda ya taɓa tambayarta.

"Inna, ina kike so?"

"Inda yaron nan ya sa," ta ce, tana kakkaɓe zaninta.

Magini ya kalle ni, ya kalle ta, yana riƙe da turke. Na ce ya gina sauran, ya bar jikin zauren, ya bar kuma gefen ɗakina, kada ya sa ko bulo ɗaya a wuraren biyu. Ya ce gidan zai yi kama da baki mai giɓi. Na ce na ji.

A nan muke zaune yanzu. Inna a ɗakina take kwana, gadonta yana fuskantar nawa. Filin jikin zaure ta ɗaure akuyarta a ciki, na gefen ɗakina kuma ta shuka kuɓewa, in ta tsinko takan ce ɗakinta ya yi albarka bana. Ɗan haya na huɗu yana aiki, a kansa nake yin kati. In zan tashi nakan adana komai, in rufe, in kashe shi gaba ɗaya, in tsaya har allon ya yi baƙi, sannan in ja ƙofa.